Inji Ya Buga: A Gyara Tsohuwar Babbar Mota Ko A Rabu Da Ita?

Babbar mota tana saurin faɗuwa a farashi, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita. Marsandi ko BMW ko Range Rover da wani attajiri ya saya sabuwa a Amurka ko Jamus shekara goma sha biyar da suka wuce, yau ma'aikaci ko matsakaicin ɗan kasuwa yana iya lallaɓawa ya saye ta a Kano ko Kaduna, wani lokaci da kuɗin da bai wuce na Camry mai ƙarancin shekaru ba. Kujerun fata suna nan, sanyi yana nan, in ta tsaya a ƙofar gidan biki sai an waiwayo. Abin da dillali ba ya faɗa shi ne, injin da ke cikinta har gobe injin masu kuɗi ne, kuma ranar da ya buga da farashin masu kuɗi za a yi masa magani.

A ranar ne shawara ke rabuwa biyu. Wasu su ce, "Alhaji, rabu da ita, ta gama yi maka aiki." Wasu su ce, "Haba Alhaji, a kan inji kawai za ka yar da mota irin wannan?" Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Na ga gidajen da wannan magana ta cinye musu kuɗin makarantar yara da jarin shago, shi ya sa nake ganin ta isa a zauna a auna ta da idon basira.

Da farko dai, mutuwar inji hawa-hawa ce. Akwai wanda ya yi zafi har gasket ɗin sama ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Akwai wanda sarƙar tayimin ta saki ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul ya lanƙwasa su. Akwai wanda mai ya daina kaiwa ga metal, karanshaf ya ci su, ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji tana ƙaruwa in an taka totur. Akwai kuma wanda sandar fistin ta karye ta fasa bulok ta leƙo waje, wannan kam an gama magana. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da kunne kaɗai. Zai kwance baƙin man a tsaftataccen kwano, ya karkata shi a hasken rana. In ya ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe yana yawo a ciki, sai ya yanka filtar mai ya warware takardar da ke cikinta. In nan ma garin ya taru, to ya bi duk hanyoyin da mai ke bi, kuma sai ka ji ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba aikin ringi ba ne." Daga wannan jumla lissafi yake farawa.

Masu cewa a sayar suna farawa da shekaru. Inji bai tsufa shi kaɗai ba. Motar da mitarta ke nuna 150,000, in 'yar Amurka ce, mil take ƙirgawa, wato ta ci kilomita kusan 240,000, in ma ba a mayar da mitar baya ba. Wannan tafiya giya ta yi ta, famfon ruwa ya yi ta, kwamfuresan sanyi ya yi ta, haka robobi da wayoyi da balan-balan ɗin iska da Range Rover da manyan Marsandi ke tsaye a kansu. Ka sa sabon inji yau, bayan wata uku ka wayi gari ta durƙusa ta gefe ɗaya, bayan wata shida giya ta fara fizga. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma duk lokacin da mutum ya kashe kuɗi, barin motar yana ƙara yi masa wuya, domin yana tuna abin da ya riga ya zuba. Da haka ake kashe kuɗin mota biyu a kan mota ɗaya.

Sai su kawo maganar dala. Kayan waɗannan motoci ba a ƙera su a nan, duk daga waje suke zuwa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji na Wapa, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan gyaran dala dubu da ake biyan naira dubu ɗari bakwai da hamsin a kansu sun koma miliyan ɗaya da rabi, alhali a lokacin albashi bai ninka ba. Fetur ma haka. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Inji mai silinda takwas a cunkoson gari da ƙyar yake ba ka kilomita biyar zuwa shida a lita. Juyen mai kuwa, wasunsu lita takwas suke sha, ninki biyu na abin da Corolla ke sha, kuma ba kowane mai suke karɓa ba. Ko da inji ya tashi lafiya, in ji su, ciyar da shi wani aiki ne daban.

Hujjarsu mafi ƙarfi a ganina ita ce wasu injinan da ciwonsu suka zo daga masana'anta. Injin Marsandi mai silinda shida da ake kira M272, wanda ke cikin E350 da ML350, na farko-farkonsa wajen 2005 zuwa 2007 an san su da cinyewar haƙorin sandar da ke rage girgizar inji. Haƙorin ƙaramin abu ne, amma sai an sauke inji gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Injin BMW mai silinda takwas, N63, da ya fito a 2008 ya shiga X6 da 750i da X5, an dasa masa turbo biyu a tsakiyar kwarin inji, inda zafi ke taruwa yana gasa robobi da bututu, ga shan baƙin mai. Matsalar ta kai kamfanin da kansa ya fito da shiri na musamman a 2014 don gyara wa masu motocin a Amurka. Injin Range Rover mai lita biyar da ya fara daga samfurin 2010, na shekarun farko an san su da sakin sarƙar tayimin, ga bututun ruwa na roba da ke tsagewa ba sallama. Wanda ya sayi motar sabuwa a can yana da garanti. Wanda ya saye ta hannu na uku ko na huɗu a nan, aljihunsa ne garantinsa. In kuma ya sayo wani injin irin wannan, ciwon ya sake sayowa.

Akwai wani abu da masu mota da yawa ba su sani ba sai an buɗe. Injinan da, irin na Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, an yi su ne don a buɗe a gyara: a sauya bututun silinda, a gurza karanshaf, a sa sabbin metal da ringi, mota ta koma hanya. Da yawa daga injinan Marsandi da BMW na wannan zamani bulok ɗinsu alminiyam ne, bangon silindar ma alminiyam ne da aka gauraya da silikon aka yi masa wata irin gogewa ta musamman. In ya karce, ba a rarake shi yadda ake yi wa na ƙarfe. Sai dai a dasa masa sabon bututun ƙarfe a wurin masu injin aikin da suka ƙware, ko a nemi wani bulok. Ɗaure kan inji yana son ma'aunin ƙarfin ɗauri, saita tayimin yana son maƙallai na musamman, bayan an gama kuma sai an haɗa da kwamfuta. Muna da kanikawa masu basira ƙwarai, wasu ma abin da suke yi da 'yan kayan aiki kaɗan abin a sara musu ne. Amma injin da aka baje a ƙasa a buɗaɗɗen gareji, ƙurar hunturu na sauka a kan karanshaf, ya fara sabuwar rayuwarsa da yashi a ciki.

Masu cewa a gyara ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambaya suke yi: kuɗin da za ka samu in ka sayar da mota mai mataccen inji, me zai saya maka? Mai saye ya san kana cikin matsi, zai cire kuɗin inji, ya cire kuɗin aiki, ya cire ribarsa, ya cire na abin da yake tsoro, ya miƙo maka ragowar. Ita kuwa dalar da ta ɗaga kayan gyara ta ɗaga motoci ma, ga kuɗin kwastan, ga shi a watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, hanyar Kwatano ta daina zama arahar da aka sani. Abin da zai faru shi ne ka bar tsohuwar motar da ka sani ka sayi tsohuwar motar da ba ka sani ba. Taka ka san ranar da aka juye man giya, ka san ba ta taɓa kifewa ba, ka san wace ƙara ce ta banza, wace ce ta gaske. Tsohon doki sai mai shi. Waccan da ke sheƙi a wurin dillali wataƙila daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo ta a Amurka, aka buga ta aka yi mata fenti. Wannan hujja ce ta gaskiya, kuma masu cewa a sayar sukan yi saurin wuce ta.

Suna kuma cewa, kuma a nan ina tare da su, kuskure ne a zuba manyan motoci duka a buhu ɗaya. Lexus ES350 da RX350 injinsu ɗaya ne da na Camry mai silinda shida da Highlander da Sienna, wato 2GR-FE. Kayansa suna ko'ina, daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka zuwa Apo zuwa Ladipo, kuma da wuya ka shiga babban gari ka rasa wanda ya taɓa buɗe shi. LX470 injinta ɗaya da Land Cruiser ta zamaninta, bulok ɗin ƙarfe ne mai jure wahala. Tsofaffin Marsandi irin V-boot da 190 har yau suna kan hanya saboda an ƙera su ne a lokacin da ake sa ran za a gyara abu. Wanda ya yar da irin waɗannan don inji ya buga, yawanci shi ya yi asara. Ga kuma amfanin da ba a sa wa farashi: mai yawan bin doguwar hanya, Kano zuwa Maiduguri ko Sakkwato zuwa Abuja, ya san bambancin mota mai nauyi da birki mai kyau, musamman in yana ɗauke da tsofaffi.

Akwai wata hujjar da ba a furta ta a fili, amma sau da yawa ita ke yanke hukunci. Mutumin da aka saba gani a Range Rover yana jin nauyin a gan shi a Corolla, kada a ce ya karye. Ban raina wannan ba, domin a kasuwa yadda ake kallonka yana shafar bashin da za a ba ka da amanar da za a damƙa maka. Amma na fi jin tsoron wannan hujja a kan duk sauran, saboda ita ce ke sa mutum ya ci bashi ko ya taɓa jari don ya tayar da motar da ba ta kawo masa ko sisi. Mutuncin da aka saya da bashi, masu bin bashin ne za su zo su karɓe shi a gaban mutanen da ake jin kunya.

Mafitar da masu gyara suka fi dogara da ita ita ce injin Beljiyam, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje, kuma yana da kyau a kalle shi da kyau. Ka shiga shago ka tarar da injina jere a ƙasa, an wanke su da fetur suna ƙyalli, an rubuta lamba da fenti a jiki. Mai shago zai ce maka, "Oga, wannan direk ne, ko sukurudireba bai taɓa shi ba." Bakanikenka zai sa sifana a kan kusar gaba ya juya karanshaf da hannu ya ji ko yana tafiya sumul, ya buɗe murfin mai ya leƙa ko akwai baƙin daskararren datti, ya cire filogi ya dubi bakinsu, ya duba kan kusoshi ko akwai sawun sifana ko sabon gam a bakin gasket. Duk wannan yana da amfani, amma iyakarsa ke nan. Ba wanda zai gaya maka tafiyar da injin ya yi, ko dalilin da ya sa aka cire shi daga motarsa. Injin motar shekara goma sha biyar shi ma shekararsa goma sha biyar. Kwanakin gwajin da ake bayarwa kaɗan ne, kuma in ya fito da matsala, ko an canja maka, kuɗin ɗorawa da saukewa da sabon mai kai za ka sake biya. Wasu sukan gaji su ce a dasa injin Toyota a huta. Yana yiwuwa, ana yi, amma a motar zamani inji da giya da birki da mita duk magana suke da juna ta kwamfuta. In aka kawo baƙo cikinsu, sau da yawa sai a samu mota mai tafiya amma rabin na'urorinta sun mutu, kuma darajarta a kasuwa ta tafi.

Abin da ya fi damuna a muhawarar nan shi ne ɓangarorin biyu sukan tsallake tambayar da ta fi kowace: me ya kashe injin farko? Da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba, mu ne. Mota tana isowa a cire mata tamostat a ce na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye, a zubar da ruwan lagireto na musamman a cika da ruwan rijiya, wanda ke cin alminiyam yana toshe ƙananan hanyoyi. A juye mata mai mai kauri 20W-50 a injin da aka ƙera don siririn mai irin 5W-30 ko 0W-40, man ya kasa isa inda ake jiransa da safe, sarƙar tayimin ta riƙa kaɗawa a bushe. Ga jabun mai da jabun filta a kwali mai kyau. Wutar cek-inji ta kama a ce ba komai, duk motocin Beljiyam haka suke. Allurar zafi ta hau a ce bari a ƙarasa gida, saura kaɗan. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, wannan saura kaɗan ya isa ya lanƙwasa kan injin alminiyam. Akwai kuma abin da ba laifin mai mota ba, kamar gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ya lalata wa mutane motoci. In ba a gano sanadi ba, lagireton da ya toshe ya kashe na farko yana nan yana jiran na biyu. In kuma an sayar an sayi wata aka ci gaba da riƙo iri ɗaya, ita ma hanyar za ta bi.

Sai maganar da ba zan iya yin shiru a kanta ba. Sau da yawa in aka ce "a sayar", abin da ake nufi shi ne a lallaɓa a sayar. A zuba mai mai kauri da maganin da ke danne ƙara, a goge laifuffukan da kwamfuta ta adana, a cire ƙwan wutar gargaɗi, a ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Wannan ha'inci ne, kuma malamanmu na fiƙihu ba su bar shi a duhu ba: ɓoye aibin kaya haramun ne, mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Wanda ake yi wa haka galibi matashi ne da ya daɗe yana tara kuɗi, motarsa ta farko ke nan, bayan sati biyu ta tsaya da shi da iyalinsa a dajin da ba gari kusa. Duk lissafin da ya nuna sayarwa ta fi riba, a duba ko da farashin gaskiya aka yi shi. Farashin gaskiya shi ne wanda za a ba ka bayan ka ce, "Malam, injin nan ya buga, ga abin da bakanike ya gani." In da wannan farashin ma sayarwa ta fi, to a sayar da zuciya ɗaya, ko ga mai son gyarawa ko ga masu kwancewa su sayar da kayan ɗaya-ɗaya.

Ni inda na tsaya, na fi karkata ga rabuwa da ita in motar tana cikin masu ciwon asali, ko injin alminiyam ne da ya dahu da zafi, ko giya da ƙafafu su ma sun fara kuka. Haka in sai an ci bashi kafin a tayar da ita, wannan ko wace iri ce. Na fi karkata ga gyara in injin na dangin da kayansa ke ko'ina ne, jikin motar da giyarta lafiya, an san abin da ya kashe shi, kuma akwai gareji mai rufi da kayan aiki da mutumin da ya taɓa yin irin aikin, ba wanda zai koya a kanta ba. Kada a gwada kuɗin gyara da abin da aka sayi motar, wancan ya wuce. A gwada shi da abin da za a ƙara a kan kuɗin sayarwa kafin a samu wata motar da za a iya dogara da ita.

Wanda ya zaɓi gyara, kafin ya biya ko kwabo ya sa a rubuta yarjejeniya da mai shago a gaban shaidu: lambar injin, kwanakin gwaji, da wanda zai ɗauki kuɗin aiki in injin ya fito da aibi. Ya kuma sa a lissafa masa lagireto, famfon ruwa, tamostat, bututun ruwa, robobin mazaunin inji, man da kamfani ya ce da filta ta gaske, da kuɗin mai kwamfuta, duka a takarda ɗaya da kuɗin injin. Mutane da yawa kuɗin inji kaɗai suke tambaya su ce za su iya, sai an sauke tsohon an ɗora sabon sannan sauran su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, mota kuma ta shekara a gareji tayoyinta sun sace.